Neman shawara: PhD a kan fankokin wuta na cikin teku, in karɓa ko in haƙura?

Ɗan_Ƙofar_Sauri

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an tashi lafiya. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu fita karatu. Digirina na farko bayoloji ne a nan gida Katsina, mastas kuma a kan kifin dam ɗin Zobe na yi, to wani farfesa a Sikotilan da nake ta tura mashi saƙo ya amsa, ya ce akwai gurbin PhD amma a kan yadda fankokin samar da lantarki da ake kafawa cikin teku ke shafar halittun ruwa, musamman ƙarar da ake yi lokacin kafa su. Ni kuma teku a Legas kawai na taɓa ganinsa shi ma daga bakin gaɓa. Gida an rabu biyu, yayana ya ce in karɓa ido rufe, kawu kuma cewa ya yi in na dawo a dam ɗin Ajiwa zan kafa fankar? Tambayata, wai da gaske abin nan yana cutar da halittun teku ko surutun Turawa ne kawai, sannan in mutum ya gama akwai inda zai ci abinci da shi a Najeriya?

Bakatsine_a_Abadin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da arziki. Ni ba fannina ba ne kai tsaye, injiniyanci nake yi, amma ofis ɗaya muke zama da masu irin wannan aikin kullum shi nake ji har na haddace. Ba surutu ba ne wlh. Abin ma ba tsoho ba ne sosai, a 1991 Denmak ta fara kafa su a Vindeby, fanka 11 kacal 'yan ƙanana, yanzu ka duba Hornsea 2 a gabashin Ingila fanka 165 ne, megawat sama da 1,300, kusan kilomita 90 daga gaɓa, kuma ana ta ƙara wasu a Tekun Arewa, to dole a tambaya me ke faruwa da abin da ke ƙarƙashin ruwan.

Babbar matsalar lokacin gini take. Yawancinsu a kan wani ƙaton bututun ƙarfe suke tsaye, faɗinsa kan kai mita 8 ko fiye, ana kawo jirgi mai guduma a dinga dukansa har ya nutse cikin ƙasan teku, bugu dubbai a kan bututu guda. Shi kuma sauti a ruwa gudunsa kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya ninka na iska sau huɗu da wani abu, kuma yana zuwa nesa ƙwarai. Akwai wata dabba dangin dolfin amma ƙarama, ita ta fi yawa a tekun nan, da sauti take farauta, da shi take gane hanya, uwa da ɗa ma da shi suke riƙe juna, to lokacin kafa fankokin Horns Rev na Denmak an ga suna watsewa har wajen kilomita 20 daga inda ake dukan, wadda ta yi kusa sosai kuma kunnenta na iya lalacewa. Shi ya sa Jamus ta kafa doka, ƙarar kada ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 160 in an auna a nisan mita 750. Dabarar da suke yi ta burge ni, tiyo mai huji-huji suke shimfiɗawa a ƙasa ya zagaye wurin, a hura mashi iska da kwamfaresa, kumfa ta taso ta yi labule, labulen ya shanye wani kaso na ƙarar. Kuma ba a fara dukan da ƙarfi, a hankali ake farawa don dabbar da ke kusa ta samu ta gudu.

Amma fa in an gama gini labarin sai ya juya. Gindin fankar da duwatsun da ake zubawa kewaye da shi sai su cika da halittu masu ɓawo, ƙaguwa ta zo, kifi ya biyo. Kai da ka yi aiki a Zobe ka san yadda masunta ke neman wurin da kututture ya nutse don nan kifi ke taruwa, to shi ne. Har an taɓa maƙala wa dabbar sil, wata dabbar teku mai shayarwa da ke cin kifi, na'urar bin sawu aka ga wasunsu suna bin fankokin layi-layi, daga wannan gindi zuwa wancan suna kiwo. Tsuntsaye kuma nasu daban, wasu fiffiken fankar ke kaɗe su, wasu ko kusa ba su zuwa, su ƙaurace ma wurin da fiye da kilomita 10, ka ga an raba su da wurin cin abincinsu ke nan ko da ba a kashe ko ɗaya ba. Don haka amsar ba eh ko a'a ba ce, wace dabba, wane lokaci, wane wuri. Ni dai in ni ne karɓa zan yi.

Malam_Na_Rimi

Yaro ni ina bayan kawunka. Ga fankoki nan 37 a Lambar Rimi kana ganinsu daga titi, megawat 10 aka ce, tun marigayi Umaru Musa Yar'adua yana gwamna aka faro maganar, aka kwashe fiye da shekara goma ana abu ɗaya, wannan fa a tudu ke nan inda mota ke zuwa har gindinsu. To wa zai shiga teku ya kafa mana? Kuma masana sun ce iskar ma a nan arewa ta fi ƙarfi, Katsina, Sakkwato, Jos. Najeriya ko fanka guda ba ta da ita a cikin teku. Ka nemi abin da ya shafi dam da noman rani da kiwon kifi, ga Jibiya ga Sabke ga Zobe ruwa kwance ba a cin moriyarsa yadda ya kamata. Allah shi yi maka zaɓin alheri.

Maman_Khadija_Daura

Baba Malam Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a kan fankar, amma a yi mani afuwa, ba kafa fanka zai je koyo ba. Auna ƙara a cikin ruwa zai koya da yadda take taɓa dabba, wannan kuwa muna da buƙatarsa tun jiya. Gaɓar tekun Najeriya kilomita 853 ce. Kamfanonin mai in za su nemi rijiya a teku jirgi ne ke jan bindigogin iska suna fashewa cikin ruwa duk bayan 'yan daƙiƙu, ƙara ce mai tsanani, kuma a ƙa'ida akan sa mai lura da dabbobi a jirgin, mutum da tabarau mai hangen nesa da mai sauraro da na'ura, su ce a dakata in dabba ta matso. Ga yashe ruwa da kafa turaku na tashoshi irin ta Lekki da aka buɗe a 2023. Manyan kifayen wel suna zuwa mashigin tekun Gini haihuwa wajen damina zuwa kaka, kunkurun teku na hawowa yashin Legas ya yi ƙwai, ga ayu a cikin ƙoramun Neja Delta. Dokar duba tasirin ayyuka ga muhalli tun 1992 muke da ita, sai dai masu iya wannan awon 'yan kaɗan ne, sau da yawa daga waje ake ɗauko su ana biyansu da dala. Akwai cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas tun 1975, a 2023 kuma aka ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku sukutum.

Ni abin da zan ce maka ƙanena, kada murna ta hana ka tambaya. Kuɗin da ya ce akwai, ya haɗa da kuɗin makaranta na ɗalibin waje ko na 'yan ƙasa kawai zai biya? Bambancin ba kaɗan ba ne kuma nan mutanenmu ke maƙalewa, a rubuce za ka nemi amsar ba a baki ba. Ga kuɗin biza, ga na lafiya fam 776 duk shekara kuma gaba ɗaya ake biya tun kafin ka tashi. In akwai giɓi ka gwada PTDF, asusun gwamnati mai tallafa wa karatu a fannin man fetur, tunda aikin ya shafi makamashi. In kana da iyali, masu PhD har yanzu an bar su su tafi da su, masu mastas na aji ne aka hana tun Janairun 2024. Sannan ka tambaye shi bayanan da za ka yi aiki da su na waye, don da yawa kamfanin da ya kafa fankokin ne ya biya aka tattara, ka ji ko za su bar ka ka buga duk abin da ka gano ko da bai yi masu daɗi ba. Kuma akwai awon da aka yi kafin a fara ginin? In babu na kafin, da na wani wuri da ba a taɓa ba don kwatance, wahala za ka sha ranar kare aiki.

Sarkin_Ruwan_Daberam

Bakatsine_a_Abadin ban yarda da kai duka ba a kan zancen kifi. Taruwa daban ƙaruwa daban. Kututturen da ka ce, kifin dam ɗin ne ya tattaru wuri ɗaya, sai ma ya fi sauƙin kamu. A Beljiyam tun 2008 suke bibiyar nasu, kuma can an hana jiragen da ke jan koma a ƙasa shiga tsakanin fankokin, to in kifi ya yi yawa fankar ce ta jawo ko hana kamun kifin da aka yi? Su kuma masuntan da aka kora ai wani wurin suka koma suka matsa mashi. Ba ka ma taɓo kebul ɗin da ke kai wutar tudu ba, yana fitar da maganaɗisu, kifin shak da danginsa kuma suna jin lantarki a jikinsu da shi suke gano abinci cikin yashi. Ɗan_Ƙofar_Sauri in ka je ka sa masunta cikin lissafinka dan Allah.

Ɗan_Ƙofar_Sauri

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri, Hajiya yau ɗin nan zan tura mashi tambayoyin nan. Baba Malam na ji kuma zan kai ma kawu maganar yadda take. Saura abu ɗaya kada a yi mani dariya, ban iya ruwa ba, a Zobe ma ina cikin kwalekwale ina salati.

Bakatsine_a_Abadin

Hhhh ba kai kaɗai ba ne. Kafin su bar ka ka hau jirgi sai ka yi kwas na ceton kai a teku, a wurin wanka ake yi da rigar kariya a jikinka, a koya maka hawa kwalekwalen roba na gaggawa, ka dai fara koyon iyo in ka iso akwai ajin manya. Fitar ma ba kullum ba ce, za ku je ku saka na'urar sauraro a ɗaure da anga ku dawo, sai bayan watanni a ciro ta a kwashe abin da ta naɗa, sauran shekarun kana gaban kwamfuta kana rarrabe kukan dabba da ƙarar jirgi. Abin da zai ba ka wuya lissafi ne, ka sauke manhajar lissafi ta R kyauta ce ka fara da bayanan kifinka na Zobe tun yanzu. Sarkin Ruwa ka yi gaskiya, har yau ana gardamar nan ta taruwa da ƙaruwa a ofishinmu. Maganin amai na jirgi kuma kada ka saya a gida, akwai shi a kowane kemis a nan.