Kwana a mota cikin hunturu don hawan ƙanƙara: Cogne za mu nufa ko Rjukan?

'Yar Zazzau, Munich

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kwana a mota cikin hunturun Turai. Ni da maigidana muna zaune a Munich, ni ina aikin jinya, shi kuma gyaran lantarki. Bara muka sayi tsohuwar motar kaya ƙirar Fiat Ducato, ya yi mata gado da ɗan wurin girki, ya sa batir, ya ɗora sola a rufi. Da bazara mun zaga bakin tabkuna da ita, lafiya lau. Yanzu muna so mu haɗa hutunmu na Janairu mu fita zamiya a kan dusar ƙanƙara, mu kuma gwada hawan ƙanƙara, wato ruwan da ke zubowa daga kan dutse ya daskare a tsaye.

Zamiya mun iya daidai gwargwado, a Garmisch muka koya. Hawa kuwa a ɗakin atisaye muke yi. Mun saba da igiya da ɗauri, amma gatarinmu bai taɓa shiga ƙanƙara ta gaske ba. Shi yana so mu ratsa Ostiriya mu sauka Cogne a Italiya, mu tsallaka Chamonix a Faransa, mu biyo ta Siwizalan mu dawo gida. Ni hankalina ya fi kwanciya da Rjukan ta Norway, saboda an ce can ne masu koyo suka fi samun sauƙi. Wanne kuka ga ya fi? Kuma me motar take buƙata kafin mu ɗaga?

Baban Torino

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ni da uwargida mun daɗe muna wannan harka daga nan Torino, kuma Cogne ta zama mana kamar gida, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Ki ce wa maigidanki ya rage ƙasashen nan. Ku zaɓi kwari ɗaya ku zauna a cikinsa. Ƙanƙarar hawa ba ta jiran jadawalin kowa: yau tana da kyau, gobe iska mai ɗumi ta busa, jibi ta fara zubar da ruwa. Wanda ya zauna wuri ɗaya yana ganin yadda take sauyawa, yana jin labari daga bakin waɗanda suka sauko da yamma, ya san ranar hawa da ranar haƙuri. Wanda yake tuƙi daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuɗin hanya da mai ne za su cinye shi, ya iso a gajiye, ya hau abin da bai sani ba saboda gobe zai wuce. Hanyar ƙarƙashin dutsen Mont Blanc kaɗai, mai tsawon kilomita 11.6, kuɗin ratsa ta da mota irin taku ya isa ya biya muku kwana a wurin zango mai wuta.

Cogne tana kan tudu mita 1,500 da 'yan kai, a bakin gandun Gran Paradiso da aka kafa a 1922. Kwari biyu ake hawa, Valnontey da Valeille. Ku fara da ƙanƙarar ƙauyen Lillaz, a bakin Valeille. Daga inda ake ajiye mota zuwa gindin ƙanƙarar tafiya ce ta 'yan mintoci, kuma hawan mataki-mataki ne, da wurin hutawa a tsakani. Manyan irin su Repentance a Valnontey ku tsaya daga ƙasa ku kalla, na ƙwararru ne. A can Valnontey kuma hukumar gandun takan rufe wasu wurare da hunturu saboda wata ungulu mai gemu da ke sheƙa a duwatsun, to ku karanta allon sanarwa kafin ku shiga. Ranar da jiki ya gaji da hawa, filin Sant'Orso yana nan a gaban gari don zamiyar doguwar tafiya, idan kuma gangara kuke so ku sauka Aosta ku hau keken igiya daga cikin gari zuwa Pila.

Kwanakin farko ku ɗauki jagora mai takardar shaida, ku biya shi, kada ku ji nauyin kuɗin. Ɗakin atisaye ba ya koya wa mutum karanta ƙanƙara. Akwai mai launin shuɗi-shuɗi, mai ɗan danshi, wadda gatari yake shiga da sara ɗaya ka ji ya ce "tuk", ka san ya kama. Akwai ta safiyar da sanyi ya tsananta, busasshiya, kana sara ta tana tarwatsewa kamar farantin tangaran, gutsuren yana gangarawa kan wanda ke riƙe maka igiya. Shi ya sa mai riƙon igiya ba ya tsayawa daidai ƙarƙashin mai hawa, kuma hular kwano ba ta barin kai. Fara mai kumfa-kumfa da rana ta ci kuwa, ƙusa ba ta riƙewa a cikinta ko ta shige har wuya. A ƙanƙara ba a faɗuwa yadda kuka saba faɗuwa kan igiya a ɗaki, domin ƙarafan takalmi masu haƙora kan kama su karya idon sawu. Ku yi ta hawa da igiyar da aka ɗauro daga sama har hannu ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa yana sama da inda ido ke kaiwa. Yawancin waɗannan magudanan ƙarƙashin gangara suke, duk dusar da ta zaftare daga sama ta nan take bi. Kowace yamma ana fitar da rahoton haɗarin zaftarewa, mataki na 1 zuwa na 5. Mutane suna raina mataki na 3 saboda a tsakiya yake, alhali wajen rabin waɗanda ke mutuwa a wannan matakin suke mutuwa. Kowannenku ya rataya na'urar neman wanda dusa ta binne, ya ɗauki shebur da sandar bincike, ku kuma koyi aiki da su tun kuna gida. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa, bayan haka sai abin da Allah ya yi. Jirgin ceto ba zai iso cikin wannan lokacin ba, mijinki ne zai tono ki ko ke ki tono shi. Lambar gaggawa 112. Tunda kuna Jamus ku shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta DAV, katin zama ɗan ƙungiya yana ɗauke da inshorar ceto.

Sai mota. Ki manta da sola a Janairu, rana ba ta daɗewa a kwarin, dusa kuma tana rufe farantin. Batirin litiyom ba a caja shi idan ya yi sanyi ƙasa da sifiri, lalacewa yake yi, to ya zauna a cikin ɗaki inda ɗumi yake. Gas ɗin girki ku tabbatar furofen ne, domin butan yana daina tashi da zarar sanyi ya kai sifiri, ki murɗa risho ki ji shiru alhali tukunya cike take. Bakin tukunyar Jamus kuma ba ɗaya ba ne da na Italiya, ku taho da taku a cike. Dizal ku bari tanki ya yi ƙasa ku cika a Aosta, na yankin duwatsu an haɗa shi don sanyi, na ƙasa yana iya yin kauri ya toshe matata, da safe mota ta ƙi tashi. Tayar hunturu mai tambarin dutse da dusa dole ce, sarƙa ma ku riƙe, dokar kwarin Aosta tana aiki daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu. Maigida ya gwada ɗaura sarƙar a ƙofar gida da rana, kafin ya gamu da ita a gefen hanya da dare hannu yana karkarwa.

Ku sa hita mai aiki da dizal wadda bututun hayaƙinta yake waje, ku kuma liƙa ƙararrawar iskar guba kusa da gado. Kada ku taɓa ɗumama mota da risho. Iskar da ke kashe iyalai a gida idan an kwana da janareta ko gawayi a ɗaki, ita ce dai a nan, ba ta da wari. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sani.

Wahalar da ba a faɗa ita ce jiƙa. Mutum biyu suna numfashi dare guda, ga igiya jiƙaƙƙiya, ga safar hannu, ga tururin girki. Da asuba za ki ga gilashi ya yi ƙanƙara ta ciki, ruwa yana ɗiga daga ƙarfen rufi kan bargo. Ku bar tagar sama a ɗan buɗe ko da sanyi, ku rataya kaya a gaban hita, takalma kuwa ku zare na cikinsu ku kwana da su cikin bargo. Uwargida takan cika gorar ruwan zafi da dare ta tura ƙasan jakar barci, da safe shi ne ruwan alwala, da sauran ɗuminsa.

Ɗan Maraɗi, Oslo

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Zan dai kare Rjukan kaɗan, Yaya, don wanda ya ba ki labari bai yi ƙarya ba. A Krokan kina sauka daga mota ki ɗan gangara, ga ƙanƙara jere, gajeru, masu sauƙin ɗaura igiya daga sama. Dalilin da ya sa take daɗewa shi ne rana ba ta taɓa ƙasan kwarin kusan rabin shekara. Tun 1928 aka yi keken igiya na Krossobanen don ma'aikatan garin su hau su ga rana, a 2013 kuma aka kafa manyan madubai a kan dutse suna jefo haske dandalin gari. Zamiya akwai ta a Gaustablikk, ƙarƙashin dutsen Gaustatoppen mai mita 1,883.

Amma daga Munich sai kun ratsa Jamus kaf, ku shiga Denmak har Hirtshals, ku hau jirgin ruwa zuwa Larvik, sannan ku sake tuƙi. A Janairu hasken yini gajere ne ƙwarai. Mu nan da yawa taya mai ƙusa muke sawa, ita kuma an hana ta a titunan Jamus. Abinci da mai duk da tsada. Ku je Cogne bana, Rjukan ku bar ta sai ƙarshen Fabrairu na wata shekarar idan yini ya ƙara tsawo. In kun tashi ku yi min magana, kuma ku riƙa duba rahoton Varsom, wato na haɗarin zaftarewar dusa a Norway.

Hajiya Umma, Hamburg

'Yata, ni ban san hawan ƙanƙara ba kuma gabana yana faɗuwa da jin bayanin, amma tunda kun yi niyya Allah ya tsare. Tambayata salla. Azahar da la'asar a hunturu kusa suke da juna, ku kuna rataye a jikin dutse, yaya za ku yi? Ku tambayi malami hukuncin kasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi tun kafin ku tafi. Sannan ki gaya wa wani na gida inda kuke kowace rana da lokacin da ya kamata ku sauko. Idan ba ki da wanda za ki gaya wa, ga ni.

'Yar Zazzau, Munich

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida jawabin Baba daga farko har ƙarshe, ya yarda mu zauna Cogne, Chamonix sai wani jiƙon. Hita ya riga ya yi oda, batirin ma zai dawo da shi ƙarƙashin gado. Hajiya, na karɓa da hannu biyu, zan riƙa turo miki saƙo safe da yamma, malami kuma za mu gan shi ranar Juma'a. Baba, saura abu biyu: ta wace hanya za mu bi, kuma ina ake samun naman halal a can? Ina tunanin in soya nama da yawa in taho da shi.

Baban Torino

Idan za ki taho da nama, ku bi ta mashigin Brenner da ke tsakanin Ostiriya da Italiya. Za ku sayi sitikar manyan hanyoyin Ostiriya, ku biya kuɗin Brenner daban, sannan Verona, Milan, Ivrea, Aosta. Ta Siwizalan ta ɗan fi kusa, sai dai sitikarsu ta shekara ce, faran 40, ga kuɗin hanyar ƙarƙashin dutsen Grand Saint-Bernard, kuma kwastan ɗinsu kilo 1 na nama kawai suke bari kowane mutum ya shigar ba haraji. A Cogne kada ki sa ran mahauci na halal. Idan naku ya ƙare, Torino ba nisa, kasuwar Porta Palazzo cike take da mahautan Maroko. Ku auna motar bayan kun loda komai, lasisinku kilo 3,500 ya ba ku, kuma ruwa da gas da kayan hawa suna da nauyi fiye da yadda ake zato. Jagora ku nema tun yanzu, Janairu lokacin cunkoso ne. Ranar da kuka iso Aosta ki turo saƙo nan, in Allah ya yarda ni da uwargida za mu hau ranar Asabar mu same ku a Lillaz.