Wasa 7 kacal: koci ne ya daƙile Akim Aliu, ko shi ne bai kai ba?

Auta: Salamu alaikum jama'a. Jiya wani abokin aikina ya ce mini akwai haifaffen Najeriya da ya taɓa buga NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Na ce ina mu ina ƙanƙara? Ashe da gaske yake. Akim Aliu, an haife shi a Okene, wadda yanzu take jihar Kogi, a 1989. Uba ɗan Najeriya, uwa 'yar Yukiren, a Kyiv ya yi ƙuruciya kafin su koma Toronto. Wasa 7 kawai ya buga a babbar gasar. Abokin nawa ya rantse wariyar launin fata ce ta hana shi, ba rashin iyawa ba. Kawu, kai da kake Calgary, yaya abin yake?

Kawu na Calgary: Wa alaikumus salam Auta. Abokinka bai yi ƙarya ba. Ina garin nan lokacin da ƙungiyarmu ta Calgary Flames ta ɗauko yaron a ƙarshen kakar 2012. Wasa 2 aka ba shi, ya ci ƙwallo 2, ya bayar an ci 1. Kaka ta gaba wasa 5 aka sa shi, shike nan, ba a sake ganinsa ba. Yaron da Chicago ta zaɓa na 56 a duk zaɓen matasa na 2007! Ai ba a ɗaukar ragon yaro a zagaye na biyu.

Malam Mai Lissafi: Kawu ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Wasa 2 ɗin nan da kake magana su ne na ƙarshen kaka, Calgary ta riga ta fita daga neman kofi. Lokacin ne ake buɗe wa yara ƙofa su ɗanɗana, ba wanda ke auna ɗan wasa da su. Kuma yaran zagaye na biyu da ba su taɓa zama a NHL ba suna da yawa, farare da baƙaƙe.

Ɗan Sabon Gari: Ni dai ƙwallon ƙafa na sani. A can in koci bai sa ka ba, zaman benci ne. Nan ba haka ba ne?

Kawu na Calgary: Ya fi haka ciwo. Ƙungiya tana riƙe mutum 23, amma 20 ne ke sa riga ranar wasa, 2 daga ciki masu tsaron gida. Sauran 3 ko bencin ba za su gani ba: lafiyarsu ƙalau, amma sai su sa kwat su hau sama wajen 'yan jarida su yi kallo kamar ni da kai. Masu kai hari su 12 ne, an kasa su layi huɗu, uku-uku. Ana shiga a yi kamar daƙiƙa 45 a fito, wasu su shiga. Layin farko yakan ci kusan minti 20 a cikin 60, ɗan layi na huɗu kuwa in ya sami 8 ko 10 ya gode Allah. To ka gaya mini, da minti 8 yaushe za ka ci ƙwallon da za a ce ka iya?

Malam Mai Lissafi: Wannan halin kowane ɗan layi na huɗu yake ciki, Kawu. Ba na Aliu ba ne shi kaɗai. Kuma ga tambayar da nake so a amsa mini: wane ne kyaftin ɗin Calgary a lokacin? Jarome Iginla. Baƙi ne, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci ƙwallo 625 a NHL, garin nan kamar su lashe shi. A ɗaki ɗaya suka sa kaya da Aliu. In launin fata ne ke rufe ƙofa, ta ina Iginla ya shiga?

Ɗan Sabon Gari: Kai! Malam ya kawo ta.

Maman 'Yan Biyu: Bai kawo komai ba wallahi. Ku yi haƙuri ina karantawa tun ɗazu ina girki. Malam, misalin Iginla shi ne ya rushe maganarka. Wanda ya ci 50 a kaka guda ba kocin da ya isa ya ajiye shi, ko yana ƙinsa kamar mutuwarsa, domin shi za a kora. Ba a kan gwani ake gane adalcin koci ba. A kan wanda yake bakin layi ake ganewa, inda yara biyar suke kusan ɗaya, gurbi kuma ɗaya ne. A nan ba alƙaluma ke yanke hukunci ba, "wannan yana da ladabi, wancan yana da taurin kai" ke yankewa. Ɗana yana buga hokin yara a nan Toronto, na ga abin da idona. Kakar bara kocinsu ya bar shi yana ɗumama benci, na je tambaya, ya kasa faɗin laifi ɗaya a wasansa, sai cewa ya yi wai bai shiga cikin 'yan uwansa ba.

Auta: To Yaya, shi Aliu daga ina aka ce yana da taurin kan?

Maman 'Yan Biyu: Daga 2005, yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor Spitfires. Suna da wata muguwar al'ada ta cin zalin sababbi: a tuɓe su tsirara a cusa su a banɗakin motar bas. Ya ce shi ba zai yi ba. Bayan haka a wurin atisaye wani babbansu, Steve Downie, ya kai masa sanda a baki ya zubar masa da haƙora, suka dambace. An dakatar da kocin, an ci ƙungiyar tara. Amma wa ya fita da baƙin suna? Downie ya buga sama da wasa 400 a NHL. Wanda aka zubar wa haƙora ya buga 7.

Malam Mai Lissafi: Hajiya, abin da aka yi masa a Windsor zalunci ne, ba na musu. Sai dai Downie Philadelphia ta riga ta zaɓe shi a zagayen farko kafin wannan rigimar. Ƙungiya ta zuba jari a kansa, dole ta yi haƙuri da shi. Kuma bayan duk wannan baƙin sunan, Chicago ai ta ɗauki Aliu. In suna ne ya kashe shi, da ba a zaɓe shi ba sam.

Kawu na Calgary: Ta ɗauke shi ta kai shi ina? Rockford, ƙaramar ƙungiyarsu ta gasar AHL da ke ƙasa da NHL, hannun koci Bill Peters. A Nuwamba 2019 Aliu ya fito ya faɗi abin da ya faru a kakar 2009 zuwa 2010: Peters ya shigo ɗakin sa kaya, bai ji daɗin kiɗan da yaron ya kunna ba, ya yi ta maimaita kalmar nan ta zagin baƙar fata a gaban kowa. Biyu daga cikin abokan wasansa na lokacin, Simon Danis-Pepin da Peter MacArthur, suka tabbatar wa 'yan jarida. Peters da kansa ya rubuta takarda ya amsa cewa ya yi mugun furuci. Lokacin shi ne kocin Calgary, ranar 29 ga watan ya ajiye aiki. Wannan ba jita-jita ba ce Malam.

Malam Mai Lissafi: Na san wannan, kuma ban kare Peters ba. Amma ku lura, abu biyu kuke haɗawa. Ya zage shi, tabbas. Zagin ne ya hana shi NHL, wannan da'awa ce daban. Chicago ta fitar da sanarwa ta ce ba a taɓa kawo mata ƙarar ba, kuma abin bai shafi shawarar da ta yanke a kansa ba.

Maman 'Yan Biyu: To da me kake so su ce? Mun ji, mun binne?

Malam Mai Lissafi: A'a. Ina so mu tuna wace Chicago ce. Ita ce ta ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 2010, da 2013, da 2015. Patrick Kane, wanda suka zaɓa na 1 a shekarar da suka ɗauki Aliu, yana ciki, ga Toews, ga Hossa, ga Sharp. Ko Peters waliyyi ne, gurbin yaro a wannan ƙungiyar sai an tona. Kuma Aliu da bakinsa ya ce ya yi wa kocin tawaye bayan abin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kawu na Calgary: Haba Malam, wannan karin maganar ba wurinta ba ne. Yaro ɗan shekara 20, an ci mutuncinsa a gaban abokansa, a cewarsa ba a ba shi haƙuri ba, sai ya yi tafi? Abin da ya biyo baya shi ne zancen. An tura shi Toledo, gasar ECHL, mataki biyu ƙasa da NHL. A cewarsa Peters ne ya rubuta wa manyan Chicago a sauke shi, alhali yana kan hanyar cin ƙwallo 20 a shekararsa ta farko, ba tare da ana sa shi lokacin da abokan hamayya suke da ragin mutum ba. Wanda ya san hoki ya san a wannan lokacin ne ake tara ƙwallaye. An hana ka gonar fadama, an dawo ana cewa amfaninka bai yi yawa ba.

Ɗan Sabon Gari: Ni abin da ban gane ba, in koci ɗaya ne matsalar, ai ya bar shi. A ƙwallon ƙafa ka sauya kulob ka farfaɗo.

Malam Mai Lissafi: Madalla! Tambayata ke nan. A 2010 Chicago ta haɗa shi da ɗan wasanta Dustin Byfuglien ta miƙa wa ƙungiyar Atlanta. Atlanta ta koma Winnipeg, Winnipeg ta ba Calgary. Daga baya ya buga a Suwidin, da Rasha, da Sulobakiya. Koci nawa ke nan? Duk bakinsu ɗaya?

Maman 'Yan Biyu: Ba sai bakinsu ya zama ɗaya ba, wayarsu ɗaya ce. Ƙungiya 30 ne a lokacin, kowa ya san kowa. Kafin a ɗauki yaro sai an kira tsohon kocinsa, ya ce a yi hattara da shi, magana ta ƙare. Kuma kada a ce Peters ne kaɗai. A 2011 yana ƙungiyar Colorado Eagles, mai kula da kayan wasansu ya zo bikin Halloween ya shafa baƙi a fuska, sanye da riga mai laƙabin Aliu. Akwai hoton, ƙungiyar ta ba da haƙuri bayan shekara 8.

Malam Mai Lissafi: Wannan kam abin kunya ne. Bari in faɗi iya inda zan iya zuwa. Na yarda an tauye shi a shekarun da ɗan wasa yake ginuwa, 16 zuwa 22. Abin da ba zan sa hannu a kai ba shi ne cewa da ba don haka ba da ya zama tauraro. Wataƙila ɗan layi na uku, ya yi shekara 4 ko 5. Wataƙila ma a'a.

Kawu na Calgary: To ai ka zo gida. Wa ya ce tauraro? Shekara 5 a layi na uku arziki ne na har abada, ga fansho. Shi aka hana shi gwadawa.

Malam Mai Lissafi: Ban zo gida ba Kawu, a ƙofa nake. "Wataƙila" na ce, ku kuma "tabbas" kuke cewa.

Auta: Yanzu yana ina?

Maman 'Yan Biyu: A 2020 shi da Evander Kane da wasu baƙaƙen 'yan wasa suka kafa Hockey Diversity Alliance, suna yaƙi da wariya a wasan, suna kai hoki unguwannin da iyaye ba su da kuɗin takalmi da sanda. A 2024 ma ya koma ƙanƙara na ɗan lokaci, gwaji a ƙaramar ƙungiyar San Jose, yana dab da cika 35.

Ɗan Sabon Gari: Shi kuma Peters ɗin, an daina ba shi aiki?

Kawu na Calgary: Ina! Watanni kaɗan bayan ya bar nan ya sami ƙungiya a Rasha. A 2023 kuma aka ba shi matasa a Lethbridge, nan cikin lardinmu na Alberta, tafiyar awa biyu da ɗan kai daga gidana.

Malam Mai Lissafi: Matasa kuma?

Kawu na Calgary: 'Yan 16 zuwa 20. An kira sallah, zan dawo in ji amsarka.