Musayar Waƙa: Ajin Malam Brown da Harshen Baƙo

Kawu Na-Fagge:
Jiya jikana ya buɗe mini Mind Your Language a waya, wasan Ingila da muke kallo a talabijin muna samari. Ga nawa, amsa-amo "ya" ne.

Bismillahi na ɗauki alƙalami,
Zan waƙe ajin da ya ba mu dariya.
Malam Brown da allo da allinsa,
Baƙi goma suna koyon harshen Birtaniya.
Ali na Pakistan, Ranjit mai rawani,
Kullum faɗa, ba sa gajiya da hayaniya.
Su-Li ta ɗaga jan littafin Mao,
Taro ya rusuna don nuna biyayya.
Wa aka ware? Kowa an taɓa shi,
Har malamin ajin an yi masa tsiya.

Umman Sadiƙu:
Kawu, daga Fagge kake ƙyaƙyatawa,
Cikin dangi, ba ka taɓa zama maraya.
Ni ina Manchester shekara tara,
Ina jinyar tsofaffi dare da safiya.
Ran nan ɗana ya dawo makaranta,
Ya yar da jaka, ya ƙi kallon tukunya.
An kwaikwayi yadda nake kiran sunansa,
'Yan aji suka mai da shi abin dariya.
Ya ce, Umma, bar Hausa a bakin ƙofa,
Maganar ta soke ni kamar ƙaya.

Malam Ɗan Zariya:
Kawu, a gafarce ni. Ɗangon "Baƙi goma" ya fi "Zan waƙe ajin" da gaɓa biyu. Ya karye, a gyara.

Sarkin Yaƙin Kawu:
Allah ya ja kwanan Kawu, giwa ba ta jin cizon sauro! Hajiya, ga taki:

Karin maganar kaka ce, ba tawa ba:
Ɗaura tsumma a garin masu wutsiya.
Kin ci albashinsu, kin sha ruwansu,
Koyi harshensu, bar ƙorafi, Hajiya.
Ajin nan ma abin da yake nufi ke nan,
Su haɗu a harshe guda su zauna lafiya.

Umman Sadiƙu:
Sarkin Yaƙi, Turancina ya ishe ni
In karanta takardar likita in yi jinya.
Tsummanka riƙe shi, ba ni ɗaurawa,
Wanda ya yar da nasa shi ke jin kunya.
Shekara da shekaru Ali na zaune a aji,
Ba a bar shi ya iya ba ko rana ɗaya.
Ran da ya iya, wasan ya mutu ke nan,
Da kuskurensa ake sayar da dariya.

Malama Ta-Sakkwato:
Baiti biyun nan na ƙarshe sun gama magana, Allah ya ƙara basira, 'yar'uwa. Kuma a tuna lokacin. A 1977 aka fara wasan a tashar ITV, shekara tara bayan jawabin ɗan siyasar Ingila Enoch Powell a Birmingham da ya tunzura mutane a kan baƙi, shekara biyar bayan Idi Amin ya kori 'yan asalin Indiya daga Yuganda, dubbansu suka sauka Ingila. Masu irin wannan lafazin suna nan a titi ana jifansu da baƙar magana. A 1979 Michael Grade, wani babba a kamfanin da ke shirya wasan, ya dakatar da shi saboda yadda yake nuna baƙi. Tun 1966 ma ministan cikin gidansu, Roy Jenkins, ya ce manufa ba a niƙe baƙo ya koma Bature ba ne, a ba shi dama daidai da kowa yana riƙe da al'adarsa.

Sarkin Yaƙin Kawu:
Malama, kin manta Albert Moses, wanda ya fito a Ranjit, yana cikin waɗanda suka farfaɗo da wasan a tsakiyar shekarun 1980. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kuma nan zauren waƙa ne, ba aji ba.

Ɗan Agege:
Na zo a makare, ku matsa mini,
Ni a Ikko aka haife ni, a zango na yi wayo.
Kunna fim ɗin kudu ka ga Bahaushe:
Maigadi ne, da 'yar buta da rediyo.
Ba shi da suna, "aboki" ya ishe shi,
Ya buɗe ƙofa, ya koma benci ya yi goyo.
To mu fa? Bagwari da Bafillace a wasanninmu,
Mun murɗe harshensu, mu ma mu koyo.

Malam Ɗan Zariya:
Ɗan Agege ya bar "ya" ya koma "yo" ba sallama. Kuma me maigadi yake goyawa a benci? An cusa kalmar ne don amsa-amo. Ɗangon Bagwari kuwa babu bahrin aruli, wato ma'aunin karin waƙa irin na Larabawa, da zai ɗauke shi.

Mai Kalangu:
Malam, kai da sandar awo kake yawo,
Ana kukan targaɗe kana ƙirga tsintsiya.
Makaɗan ƙasar nan ba su san aruli ba,
Kiɗa ke riƙe musu kari tun fil azal, ka jiya?

Malam Ɗan Zariya:
Makaɗi yana da ganga ta cike masa gurbi. Mai rubutu ba shi da ita, gaɓa mai nauyi da marar nauyi su ne gangarsa. "Ka jiya" kuma Sakkwatanci ka aro don ka tsira.

Malama Ta-Sakkwato:
Sakkwatanci ba aro ba ne, Malam, Hausa ce. Ka ga abin da muke faɗa ya biyo mu har cikin zaure.

Sarkin Yaƙin Kawu:
Ɗangon Kawu bai karye ba, a rera shi a ji!

Mai Kalangu:
Na rera, ya yi ɗingishi, amma ya isa gida.

Umman Sadiƙu:
Na sauko daga aikin dare na tarar kuna ta ƙirga gaɓa. Kawu, kai nake jira tun shekaranjiya.

Jiya na tsaya a ƙofar makaranta,
Iyaye cike, sanyi har cikin jijiya.
Na ce, Sadiƙu, taho mu je gida,
Da Hausa, da ƙarfi, ban rage murya.
Ya dubi abokansa, ya dubi ƙasa,
Ya ce na'am a hankali, muka kama hanya.