Daga lise zuwa koyar da malamai: ina mafita?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wani lise a Tahoua, lisans gare ni. Ɗalibaina sun haddace juyin juya halin Faransa na 1789, amma ranar da na tambaye su yaƙin da Sarauniya Mangu ta yi a Lugu a 1899, aji ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Abin ya tsaya mini a rai. So nake in koma horar da malaman tarihi. Ta ina zan fara?

Malama Ta Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka taho Jami'ar Abdou Moumouni ka yi masta shekara 2, sannan digirin dakta. ENS, inda ake horar da malaman sakandare, tana cikin jami'ar. In ka samu shiga aikin koyarwa a can, ƙarin girma a hannun CAMES yake, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke can Wagadugu, kuma rubuce-rubucen bincikenka za su duba, ba yawan shekarunka a aji ba. Ni sai da na yi furfura kafin na gane haka.

Tsohon Mushe:
Ɗana, kada ka raina gida. Djibo Hamani da aka sa wa jami'ar Tahoua sunansa, a kan tarihin Adar ya yi bincike. Tsofaffin Illela da Ƙonni suna nan da labari a baki, ka ɗauki muryarsu tun suna raye. Rubutun ajami kuwa, ka je IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.

Ɗan Adar:
Na gode, Baba. Malama, kuɗin hayar ɗaki a Yamai fa?