"Sannu ba ta hana zuwa": shin wannan karin magana ta dace da Jamie Vardy?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin masana a kan karin maganar nan da ake cewa "sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba", domin na lura duk lokacin da aka ambaci Jamie Vardy, tsohon ɗan wasan gaba na Leicester City, ita ce ke fara fitowa daga bakin masu sharhi. Ga waɗanda ba su san tarihinsa ba, an haife shi a Sheffield a 1987, ƙungiyar Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16, ya koma wata ƙaramar ƙungiya mai suna Stocksbridge Park Steels da ke mataki na takwas a tsarin ƙwallon Ingila a wancan lokacin, inda ake biyansa fam 30 a mako, yana kuma aiki a masana'anta domin ya ci abinci. Bai taka leda a gasar Firimiya ba sai da ya kai shekara 27, amma a 2016 ya ɗaga kofin gasar. A ganina babu mutumin da karin maganar ta fi kama da shi. Ko akwai mai ja?

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina ja, kuma dalilina yana cikin tarihin da ka kawo. Bahaushe yana faɗin wannan magana ne ga wanda yake tafiya a hankali amma bai tsaya ba, kamar ɗalibin da ba shi da saurin hadda amma kullum allonsa na hannunsa. Vardy kuwa ba a hankali ya hau ba. A 2010 ya koma FC Halifax Town da ke mataki na bakwai a lokacin, a kan fam dubu 15, a 2011 ya wuce Fleetwood Town inda ya zura ƙwallo 31 a gasar mataki na biyar, a 2012 Leicester ta saye shi a kan fam miliyan ɗaya, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan da ya fito daga waɗannan ƙananan rukunai. A 2014 yana Firimiya, a 2015 yana cikin tawagar Ingila, a 2016 ya zama zakara. Wanda ya tashi daga mataki na bakwai ya kai ƙololuwa cikin shekara shida ba za a ce ya yi sannu ba. Makara ya yi wajen tashi, amma da ya tashi gudu ya yi, kuma makara daban, tafiyar sannu daban.

Ɗan Zazzau:
Na ji hujjarki, Malama, sai dai kin fara lissafi daga 2010, alhali tafiyar ta fara tun ranar da aka sallame shi. Shekarun da ya yi a Stocksbridge su ne sannun da nake nufi. A cikinsu ne ma, a 2007, kotu ta same shi da laifin duka, aka ɗaura masa na'urar sa ido a ƙafa tare da dokar komawa gida da wuri, har ya zama wani lokaci sai an cire shi kafin a tashi wasa domin kada ya karya dokar. Duk da haka bai rataye takalminsa ba.

Baba Na Bakin Kasuwa:
Yaran nan, ku bar ni in sa baki. Ku biyun kun riƙe rabin farko na maganar kun saki rabin ƙarshe, alhali nauyinta yana wajen "sai dai a daɗe ba a je ba". Magabata ba su ce jinkiri ba shi da hasara ba; cewa suka yi ba ya hana isa, amma suka amsa cewa akwai abin da yake ci. Ku duba abin da jinkirin ya ci wa wannan bawan Allah. Wasa 26 kaɗai ya yi wa Ingila, ya ci ƙwallo bakwai, domin sai da ya kai shekara 28 aka fara kiransa. Ku kwatanta da Wayne Rooney da ya fara buga wa Everton yana ɗan shekara 16 a 2002, ya yi wa ƙasarsa wasa 120. Shekarun ƙuruciyar da Vardy ya ƙarar a filayen da 'yan kallo ba su wuce ɗaruruwa ba, babu kofin da zai mayar masa da su. Saboda haka ni na yarda karin maganar ta dace da shi, amma da sharaɗin a faɗe ta cikakkiya, kada a yanke mata wutsiya kamar yadda masu sharhi suka saba.

Bagobiri:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ni da za a bi ta tawa, "rabon kwaɗo ba ya hawa sama" ce ta fi dacewa. Kafin a fara kakar 2015 zuwa 2016, 'yan caca a Ingila sun sa yiwuwar Leicester ta ci gasar a ɗaya cikin dubu biyar, ƙungiyar da da ƙyar ta tsira daga faɗuwa daga Firimiya a kakar da ta gabata. Sai ga shi a ƙarƙashin mai horarwa Claudio Ranieri sun ɗauke kofin, Vardy ya ci ƙwallo 24, har ya zura ƙwallo a wasanni 11 a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy, kuma a ragar Manchester United, tsohuwar ƙungiyar van Nistelrooy, ya cika na sha ɗayan. Wannan ai rabo ne tsantsa.

Malama Mai Alli:
Babu mai musun rabo, ɗan'uwa, amma ina jin tsoron yadda ake amfani da wannan karin magana, domin sau da yawa malalaci ne ke fakewa da ita. Kwaɗon da ake magana a kai yana zaune ne rabonsa ya faɗo masa. Vardy bai zauna ba. Salon wasansa ma shaida ne: ɗan wasa ne da yake laɓewa a kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe yana jiran a cilla ƙwallo bayansu ya bi ta da gudu, idan kuma ƙwallo ta kuɓuce wa ƙungiyarsa, shi ne na farko da zai fara takura wa abokan hamayya. Da a ce sa'ar kaka ɗaya ce, da ba mu gan shi ya ci takalmin zinare, kyautar wanda ya fi kowa zura ƙwallo, a kakar 2019 zuwa 2020 da ƙwallo 23 yana da shekara 33 ba, wanda ya sa ya zama mafi tsufa da ya taɓa cin wannan kyauta a Firimiya. A 2021 kuma yana cikin waɗanda suka doke Chelsea suka ɗauki kofin FA.

Baba Na Bakin Kasuwa:
'Yata ta yi gaskiya a nan. Akwai kuma wani wuri da ya kamata a tsaya. Kakar Vardy ta farko a Leicester ba ta yi kyau ba, har ya yi tunanin barin ƙungiyar, sai mai horarwa Nigel Pearson da mataimakansa suka lallashe shi ya zauna. Ke nan ko mai tafiyar sannu yana bukatar wanda zai ce masa kada ya juya. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne a riƙa jefa wa kowane saurayi wannan magana don a kwantar masa da hankali. Yaran da ƙungiyoyin Ingila ke sallama kowace shekara suna da yawa ƙwarai, kuma mafi yawansu ba a sake jin ɗuriyarsu. Shi kansa Vardy ya san haka, shi ya sa ya kafa makarantar V9 domin 'yan wasan ƙananan rukunai su sami inda masu farautar 'yan wasa za su gan su.

Ɗan Zazzau:
Na karɓi gyaran Baba game da faɗin maganar cikakkiya. Amma Malama, har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, kuma ga ƙarin hujja. Michael Owen, tsohon ɗan wasan Ingila, ya kama fararsa da sanyin safiya, ya girgiza duniya da ƙwallon da ya ci Ajantina a 1998 yana ɗan shekara 18, ya karɓi kyautar Ballon d'Or a 2001, amma raunuka suka cinye masa gudu, ya yi ritaya a 2013 yana da shekara 33, daidai shekarun da Vardy ya ci takalmin zinare. Vardy ya ƙi tayin Arsenal a 2016, ya zauna da Leicester har bayan faɗuwarta a 2023, ya taimaka ta dawo a 2024, sannan ya yi ban kwana a watan Mayun 2025 da ƙwallo ta 200 a wasansa na 500, kafin ya wuce Cremonese ta Italiya yana da shekara 38.

Malama Mai Alli:
Wannan hujja ce ta daɗewa a fili, Malam, ba ta tafiyar sannu ba, kuma Owen rauni ne ya tsayar da shi, ba gaggawa ba. Idan kana da ɗan wasan da ya hau mataki bayan mataki, yana shafe shekaru uku ko huɗu a kowanne kafin ya isa Firimiya, kawo sunansa mu auna shi da karin maganar.