Fad ɗin birkina na saurin cinyewa tun da na fara shiga daji da mota

Mai_Fikof:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu shiga daji da mota a taimaka min da shawara. Fikof gare ni mai jan taya huɗu, da can kan kwalta kawai nake yawo da ita kuma fad ɗin gaba (abin nan da ke matse taya in an taka birki) sai ya fi shekara 2 ban taɓa shi ba. To yanzu aiki ya koma da ni hanyar da ba kwalta, laka ce da yashi da gangara wani wurin ma sai an ratsa ruwa, wata 4 kacal da sa sabon fad na fara jin ƙiiii in na taka, da muka kwance taya sai ga na dama ya kusa kai ƙarfe, na hagu kuwa da sauransa sosai. Jabu aka sa min ne ko haka abin yake? Na kuma sa mata manyan tayoyi kwanaki, ko da nasu a ciki?

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka yi saurin ɗora wa fad laifi. Laka da yashi in suka shiga tsakanin fad da dis (faifan ƙarfen da fad ke matsewa) tamkar sanfefa suke, duk takawa suna kankare shi, in lakar ta bushe a wurin ma ko ba ka taka ba tana ci. Wannan kowa da ke shiga daji yana fama da shi.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne dama ya cinye hagu bai cinye ba. Da jabu ne ai tare za su tafi. Wannan alamar kalifar dama (ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi jikin dis) ta liƙe ce, ba ta sakin dis bayan ka ɗaga ƙafa. Wata kalifar kan fin biyu (wasu 'yan sandunan ƙarfe) take zamewa, in robar fin ɗin ta yage ruwa ya shiga sai tsatsa ta riƙe shi, wata kuma a kafe take da fistin huɗu masu tura fad, ita fistin ɗin ne ke maƙalewa. Gwada wannan, ka ɗan yi tafiya ka tsaya ka kai hannu kusa da wil ɗin kowane ɓangare, kar dai ka taɓa dis ɗin, za ka ji ɗaya ya fi ɗaya zafi. In fin ne a wanke shi a sa masa giris na silikon, don giris ɗin gama-gari kumbura roba yake. Sannan a canza fad na tayoyin gaba duka biyu, ba a canza ɓangare ɗaya.

Direban_Tsauni:
Gaskiya oga ya faɗa, ni dai ƙafarka zan tambaya. Yaya kake sauka gangara? Da yawa sai su ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa, fad ya yi zafi ya fara wari, wani lokacin man birkin ma ya tafasa ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa, Allah ya kiyaye. Sa motar a 4L, wato giyar ƙarfi ta jan taya huɗu, ka ba ta giya ɗaya ko biyu inji ya riƙe maka ita, birki sai dai ka ɗan taɓa ka saki. Kuma in motarka tana da na'urar nan mai hana taya sulɓi, ka sani da birki take aiki, duk tayar da ta fara juyi a banza cikin laka ita take matse wa birki, to fad na ci alhali kai ba ka taka komai ba. Manyan tayoyi kam da nasu, sun fi nauyi sun kuma fi wuyar tsayarwa.

Mai_Fikof:
Kai, wallahi ni ne mai dannewar nan tun daga sama. Na gode ƙwarai. To wane irin fad ya fi dacewa, an ce min in nemi na seramik?

Tsohon_Bakanike:
Ni ban ba ka shawarar seramik ba, shi ya fi daɗi a cikin gari don ba ƙara ba ƙura. Ga kaya da zafi da laka, fad mai haɗin ƙarfe ya fi juriya, sai dai yana ɗan cin dis, don haka a riƙa auna dis ɗin, akwai iyakar kaurinsa a rubuce a jikinsa. Sabon fad yakan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko 3 cire shi, kar ka jira ƙara.

Kullum ka dawo daga laka ka wanke bayan tayoyin da ruwa mai ƙarfi, amma bari dis ya huce tukuna. In ka fito daga ruwa ka ɗan tattaka birki a hankali ya bushe. In birkin bayan motar durom ne (rufaffe mai kama da kwano, ba dis ba) a buɗe shi shi ma, laka tana kwanciya a ciki ba mai ganinta har sai ta cinye layinin, wato fad ɗin cikinsa. Tunda kana ratsa ruwa a duba man birkin ma, yana shan danshi, in ya kai shekara 2 a juye shi a sa sabo.