Littafin da ya tambaye ni sunana: wa irin haka ta taɓa samu?

'Yar Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta ba ni aron wani littafin almara na Turanci, irin mai aljanu da masarautun da babu su a taswira. Na karɓa ne kawai don in rage zaman jirgin ƙasa daga Agege zuwa Oyingbo, don tun da jan layin nan ya fara ɗaukar fasinja a 2024 na yi sallama da danfo. Ba yarima a ciki, yaƙin ma kaɗan ne. Labarin wata mata ce a garin da duk wadda aka kai ɗakin miji sai ta raɗa sunanta cikin tulu, a liƙe bakinsa da laka. Rabin littafin ita da zuciyarta ne, tana laluben sunan. Muna isa tashar Mushin na rufe shi, na ja mayafi na kare fuska. Shekarata 11 da aure. Da amarya aka fara, aka koma Maman wance, a shago kuma Madam. Maigidan "ke" ta ishe shi. Na rasa ranar ƙarshe da na ji sunana na yanka a bakin wani. Ni kaɗai ce labarin ƙarya ya yi wa haka?

Hajiyar Idi-Araba: Wa alaikumus salam 'yata. Ki bi a hankali, ɓoye suna a wurinmu kunya ce da girmamawa, ba raini ba. Ni har Alhaji ya rasu ban taɓa faɗin nasa ba. Amma ba zan ƙaryata ki ba. Ina yarinya kakarmu kan ba mu labarin Daura: macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajida ya zo ya sare kansa. Yara na tafa wa baƙo, ni kuwa hankalina na kan Daurama, wadda ke riƙe da garin tun kafin a ji ɗuriyarsa. Na tambaya ina ta shiga bayan biki, aka ce in yi barci. Na haura sittin, tambayar na nan.

Mai ɗinki, Obalende: Anti, ba ke kaɗai ba ce. Nawa na Hausa ne, a waya nake binsa kashi-kashi, da dare idan an ɗauke wuta keken ya tsaya. Yarinya ce da aljana ke bi, ana ta kai ta wajen masu ruƙiyya, ashe aljanar ba komai take faɗa ba sai abin da yarinyar ta haɗiye. Abin da ya kama ni ke nan. Da marubuciyar ta fito fili ta ce mata ana danne ku, wallahi da na goge, na gaji da masu yi mana lacca. Amma da yake aljana ce ke magana, ban ɗaura ɗamarar musu ba, sai da ta gama da ni na farga. Washegari na faɗa wa yayana kuɗin ɗinkina ni zan riƙa ajiye su. Muryata har rawa take.

Ɗan Mile 12: Ku yi haƙuri da shigowar namiji. Ni na ɗauka irin littattafan nan zuga mata kawai suke. Uwargida ta manta nata a mota, ina jiran tirelar tumatir daga Kano da ta makara, na buɗe. Shafi 40 na yi. Ban ce na yarda da komai ba, fa.

Ɗalibar Akoka: Yaya, shafi 40 ma an gode! Hajiya, tambayarki ce ta sa na fara rubutu. Kuma rubutun mata ba daga Turai ya faro ba: Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna koyar da mata da waƙoƙi, su ne 'Yan Taru. Na aika labari gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta. Ban ci ba, amma Umma ta sa na karanta mata shi sau biyu, ta ce, "Wannan dodanniyar ai goggonki ce."

'Yar Agege: Hajiya, na ji, kuma ni 'yar fari ce, ko Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ban kuma riƙe ta da komai ba. Jiya dai ina tsefe wa autata kai na ce, "Kin san sunana?" Ta ce, "Mama mana." Na faɗa mata. Ta maimaita sau uku tana dariya, kamar ta tsinci kuɗi a hanya. Littafin na ƙanwata ne, ranar Asabar za ta karɓa. Mai son aro ta yi magana kafin nan, in roƙa mata.